Ƙofar Rufin Asiri: Tarihin Ɗan Tsintuwa Daga Madina Zuwa Kudancin Katsina

"An tsinci jariri." Da waɗannan kalmomi uku labarin yakan iso, ko a rediyo, ko a bakin mata wajen ɗibar ruwa, ko a majalisar bayan La'asar. Sai a biyo da sunan wurin: bakin kwata, bayan makaranta, cikin kango, gindin juji, wani lokaci kuma ƙofar masallaci. Daga nan sai salati, sai tsinuwa ga marar imanin da ta aikata, sai kowa ya kama gabansa. Abin da ba kasafai ake tsayawa a lura da shi ba shi ne, a cikin wuraren nan akwai inda jariri ke rayuwa idan an ajiye shi, akwai inda ba ya ganin wayewar gari. Wadda ta shimfiɗe ɗanta a ƙofar masallaci gab da Asuba ta yi lissafi, domin ta san ladan na tafe. Wadda ta jefa nata a masai ita ma ta yi lissafi, domin ta san can ne ba za a gano ta ba. Tsakanin lissafin nan biyu akwai ran ɗan Adam, kuma abin da ke rinjayar da ɗaya a kan ɗaya, galibi, shi ne girman tsoron da ke zuciyar uwar a wannan dare.

Ni 'yar Mabai ce, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙanƙara, a yankin da muke tarayya da Faskari da Sabuwa wajen zaɓen ɗan majalisar wakilai guda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata doka da ke aiki a dukkan jihohi 50 na Amurka, wadda zan kira dokar mafakar jarirai. A taƙaice ta ce, uwa ko uban da ya kai sabon jariri asibiti, ko wani wurin da aka ayyana, ya miƙa shi ba tare da alamar cutarwa a jikinsa ba, ba za a gurfanar da shi da laifin yar da ɗa ba, kuma ba dole ne ya faɗi sunansa ba. Na san da jin haka wani zai ce ai wannan buɗe ƙofar fasiƙanci ne, kuma tarbiyyar wasu ce ba tamu ba. Ina roƙon mai karatu ya jinkirta hukunci, ya bi ni cikin tarihi tukuna. Abin da nake son nunawa shi ne, rabin wannan doka mun riga Turawa saninsa da ƙarnoni, yana nan cikin littattafan da alƙalanmu suka yi shari'a da su. Ɗaya rabin kuwa, wato na uwar, shi ne har yau ba mu zauna mun yi magana a kansa ba.

Hukuncin Sayyidina Umar

A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda har gobe ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai babi a kan hukuncin yaron da aka yar. An kawo labarin wani mutum mai suna Sunainu Abu Jamila, daga ƙabilar Banu Sulaim, da ya tsinci jariri a zamanin halifancin Sayyidina Umar (634 zuwa 644 Miladiyya), ya kawo shi gaban Halifa. Umar bai karɓi maganar da ka ba, sai da ya tambaye shi dalilin ɗaukar, mutumin ya amsa cewa ya ga rai ne yana shirin salwanta. Shugaban jama'arsa, wanda a tsarinmu za mu kira mai unguwa, ya shaide shi da cewa mutumin kirki ne. A nan Umar ya yanke hukunci: yaron ɗa ne ba bawa ba, al'amarinsa na hannun wanda ya tsince shi, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali.

A kan wannan harsashi malaman Malikiyya suka yi gini. Muhtasar na Shaihu Halil, littafin ƙarni na 14 da ya zama madogarar alƙalai a Daular Usmaniyya da bayanta, ya jera hukunce-hukuncen laƙiɗi, wato ɗan tsintuwa, dalla-dalla. Ɗaukarsa farillar kifaya ce: idan wani ya yi ya ɗauke wa saura, idan kowa ya wuce ya bar shi ya mutu, duk wanda ya gani ya kau da kai yana da alhaki. Wanda ya ɗauka ba ya mayarwa, sai fa idan ya ɗauka ne domin kai wa hukuma, hukuma ta ƙi karɓa, kuma wurin da zai mayar ɗin wuri ne da jama'a ke ratsawa. Idan baitulmali bai ba da abin ciyarwa ba, nauyin ya koma kan mai tsintuwa. Ba a jingina yaron ga wani uba sai da shaida ko wani dalili da hankali zai ɗauka.

Ya kamata a tsaya a auna nauyin cewa ɗan tsintuwa ɗa ne, a ƙasar da bauta ke raye. Har farkon ƙarni na 20 ana saye da sayar da mutane a kasuwannin ƙasar Hausa, kuma shelar Turawa ta 1901 'yantar da waɗanda za a haifa daga watan Afrilun wannan shekara kawai ta yi. A irin wannan zamani, yaron da ba shi da dangin da za su tsaya masa shi ne mafi sauƙin mayarwa haja. Layi ɗaya na fiƙihu shi ne katangar da ta tsaya tsakaninsa da kasuwa.

Akwai wani wuri a sharhin wannan babi da ya ba ni mamaki lokacin da na fara jin sa a karatu. Da malamai suka zo kawo misalin dalilin da za a yarda da shi idan mutum ya ce ɗan tsintuwa nasa ne, sai suka ambaci wanda aka san 'ya'yansa ba sa rayuwa, ya ce ya yar da jaririn ne saboda ya ji ana cewa wanda aka yar yakan rayu. Duk Bahaushen da ya tashi a karkara ya san wannan. Mace mai wabi idan ta haihu, a da, akan ɗauki jinjirin a kai shi kan juji a yi kamar an zubar, sa'annan wata tsohuwa ta je ta ɗauko. Daga nan sunaye irin su Ajuji da Ayashe suka samo asali, kuma na tashi na tarar da wata dattijuwa a unguwarmu da ba a san ta da wani suna ba sai ɗaya daga cikinsu. Camfi ne, malamai sun yi wa'azi a kansa har ya ja baya, amma yana nuna cewa a tunanin kakanninmu ajiye jariri a juji da ɗauko shi abu guda ne mai ɓangare biyu. Ba a ajiyewa sai an san mai ɗauka na tsaye a bayan danga.

Haka nan riƙo. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'ya ta aurar. Giwa ba ta da nisa da Sabuwa, kuma al'adun da ta bayyana, irin su kunyar ɗan fari da ba wa goggo ko kaka yaro bayan yaye, su ne namu. Al'ummar da ke cewa ɗa na kowa ne ba ta rasa hannun da zai karɓi jariri ba.

Sai dai babin laƙiɗi yana farawa ne daga lokacin da yaro ya riga ya kai ƙasa. Sa'o'in da suka gabaci wannan, wato naƙuda a ɓoye, da yankan cibi da abin da aka samu, da tafiya cikin duhu, ba su cikin babin. Abin da ya shafe su yana wani wuri daban, a koyarwar suturta Musulmi. A cikin Muwaɗɗar dai, an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya nuna wa wani mutum mai suna Hazzal, wanda ya sa wani ya je ya tona kansa a kan zina, cewa da ya rufa masa asiri da ya fi masa alheri. Hukunce-hukuncen nan biyu duk namu ne. Abin da tarihinmu bai yi ba shi ne ɗinke su su zama tsari guda, mai ƙofa, mai mai gadi.

Gangar Rum da kwandon Landan

Turai ta gina ƙofar tun da wuri. A 1198 Fafaroma Innocent na Uku ya kafa asibitin Santo Spirito a birnin Rum, kuma ana ba da labarin cewa gawarwakin jarirai da masunta ke cirowa daga kogin Tiber ne suka motsa shi. A bangon irin waɗannan gidaje akan saka wata ganga ta katako mai juyawa, rabinta a waje rabinta a ciki. Uwa ta sa jariri, ta juya gangar, ta kaɗa ƙararrawa, ta tafi ba wanda ya ga fuskarta. Tsarin ya bazu a Italiya da maƙwabtanta, har a 1811 Napoleon ya ba da umarnin a samar da shi a gidajen renon Faransa.

Darasi mafi ɗaci daga Landan ya fito. Thomas Coram, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya gaji da ganin jarirai a kan juji, ya kwashe shekaru 17 yana fafutuka kafin ya sami izinin sarki a 1739, gidan ya fara karɓar yara a 1741. Da farko kaɗan ake ɗauka, gwargwadon ƙarfi. Iyaye mata sukan bar wata 'yar alama tare da yaron, kwabo ko maɓalli ko ƙyallen tufa, domin idan hali ya samu su dawo su gane nasu, kuma yawancin alamun nan har yau suna ajiye a gidan tarihi, ba wanda ya dawo. A 1756 majalisar Ingila ta ba da kuɗi bisa sharaɗin a karɓi duk jaririn da aka kawo. Aka rataye kwando a ƙofa. Cikin ƙasa da shekaru huɗu aka karɓi kusan 15,000, kimanin kashi biyu cikin uku suka mutu. Masu shayarwa sun yi kaɗan, cututtuka sun yaɗu, har wasu suka mai da ɗauko jarirai daga ƙauyuka sana'a, yaran na mutuwa a hanya. A 1760 aka rufe tsarin. Duk mai son kare dokar mafaka, kamar ni, wajibi ne ya riƙe lissafin Landan a zuciya: an buɗe ƙofa, ba a tanadi nonon da ke bayanta ba. Umar ya ambaci ciyarwa a cikin hukuncinsa tun ranar farko.

Gadon 1959

Dokar da ta fi tasiri a kan uwar ɗan tsintuwa a Arewa ta iso mana ne ta wata doguwar hanya. A 1958, ana shirin samun mulkin kai, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta gayyato kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka rubuta kundin Final Kod na 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. An kwaikwayo shi daga na Sudan, shi kuma na Sudan daga na Indiya na 1860 ya fito. Sashe na 237 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ko tara, ko duka biyu, ga uba ko uwa ko mai riƙon da ya bar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a kowane wuri da niyyar rabuwa da shi ɗungurungum. Sashe na 239 ya hukunta ɓoye haihuwa ta hanyar kawar da gawar jariri a asirce, laifin da jijiyarsa ke komawa ga wata dokar Ingila ta 1624 wadda ta ɗauki duk matar da ba ta da aure da ta ɓoye mutuwar jaririnta a matsayin mai kisan kai.

A lura da kalmomin "kowane wuri". A zahirin lafazin, ba a bambanta barandar asibiti da tsakiyar daji ba. Manufar sashen mai kyau ce, wato kare yaro, amma ga yarinyar da ta riga ta yanke shawarar rabuwa da abin da ta haifa, saƙon da ya isa kunnenta shi ne: duk inda kika ajiye laifi ne, saboda haka ki zaɓi inda ba za a gan ki ba. Jihohi suka gaji kundin, Katsina ma ta tashi da shi da aka ƙirƙiro ta a 1987. An yi dokar haƙƙin yara ta tarayya a 2003, Katsina ta yi tata ta kare yara a ƙarshen 2020, amma har yanzu Nijeriya ba ta da dokar da ta ce wa uwa: kawo shi nan da rai, ba za a kama ki ba.

Shekarar 1999, can da nan

A yankin birnin Houston na jihar Teksas, an tsinci jarirai 13 cikin wata 10, uku daga cikinsu ba rai. Majalisar jihar ta zartar da doka, Gwamna George W. Bush ya sa hannu, ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, 1999. Suka yi mata laƙabi da dokar Jariri Musa, suna nuni da ƙissar da mu ma muka sani a Suratul Ƙasas, ta uwar da tsoro ya sa ta saka ɗanta a akwati ta miƙa wa kogi. Da farko jariri ɗan kwana 30 zuwa ƙasa aka yarda a miƙa, daga baya aka mayar 60. Sauran jihohi suka bi, kowace da nata wa'adi: Kaliforniya sa'o'i 72, Dakota ta Arewa har shekara guda. A shekarun farko an ci gaba da tsintar jarirai a bola, domin waɗanda aka yi dokar dominsu ba su ji labarinta ba.

Nebaraska ce ta ƙarshe, a watan Yulin 2008, kuma ita ce ta yi tuntuɓe. Masu rubuta dokarta ba su sa iyakar shekaru ba. Kafin ƙarshen Nuwamba an bar yara fiye da 30 a asibitoci, akasarinsu manya, wasu ma daga wasu jihohi aka kawo su, har wani magidanci da matarsa ta rasu ya kai 'ya'yansa tara a rana ɗaya. Dole majalisa ta yi zaman gaggawa ta tsayar da wa'adin a kwana 30.

A wannan shekara ta 1999 dai, ranar 27 ga Oktoba, aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ƙetaren iyakarmu kaɗan, Katsina ta bi sahu a 2000. Jama'a sun karɓe ta da murna, kuma suna da dalili. Amma akwai wata mas'ala da Malikiyya ta keɓanta da ita: bayyanar ciki ga mace marar miji hujja ce ta zina, sai ta kawo abin da zai wanke ta, alhali Hanafiyya da Shafi'iyya ba sa tsayar da haddi da ciki kaɗai. Inda aka jarraba wannan mas'ala a idon duniya kuwa ba wani wuri ba ne illa maƙwabtanmu. Amina Lawal, bazawara daga Kurami ta ƙasar Bakori, ta haifi 'ya mace. Ranar 22 ga Maris, 2002, kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa. Mutumin da ta ambata ya rantse, aka sallame shi. Babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin ranar 19 ga Agusta. Sai ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya, ta soke shi. Daga cikin dalilanta akwai haƙƙin janye iƙirari, da kurakuran yadda aka gudanar da shari'ar farko, da hukuncin kwantaccen ciki, wanda a Malikiyya zai iya kai shekara 5, ta yadda za a iya jingina 'yar ga tsohon mijin.

Fiƙihun da aka ɗaure ta da shi, shi ne ya kwance ta, kuma wannan abin alfahari ne ga malamanmu. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai a shari'ar shi ne 'yar. Amina ba ta yar da ita ba. Ta goya ta, ta shayar da ita, ta riƙa zuwa kotu da ita a hannu wata da watanni, kuma wannan jaririyar ita ce babbar shaidar da aka gabatar a kanta. Ina tambayar kaina, yarinya 'yar shekara 16 a wani ƙauyen Faskari da ta ji labarin a lokacin, kuma tana ɓoye nata cikin a ƙarƙashin hijabi, wane darasi ta ɗauka? Labarin hukunci ya fi labarin sallama gudu. Ba a taɓa jefe kowa a Nijeriya a ƙarƙashin waɗannan dokoki ba, amma tsoro ba ya karanta rahoton kotu. Bahaushe ya ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.

Musulmin da suka riga mu

Sudan, inda kundinmu na 1959 ya samo asali, kuma inda Malikiyya ke da rinjaye kamar nan, ta fuskanci matsalar ido da ido. Wani bincike na 2003 ya nuna ana yar da jarirai kimanin 110 duk wata a Khartum, kusan rabinsu na mutuwa kafin a kai musu ɗauki, waɗanda suka kai gidan marayu na Maigoma kuma da yawansu can suke ƙarasawa. A 2006 majalisar fatawa ta ƙasar ta fitar da fatawar da ta ce a ɗauki waɗannan yara a matsayin marayu da suka cancanci kafala, wato riƙo irin na Musulunci, kuma ciki kaɗai ba ya tabbatar da zina. Daga nan aka karkata ga ba wa iyalai riƙon yaran maimakon tara su a gida guda. Waɗanda suka rage a Maigoma kuwa, da yaƙi ya ɓarke a 2023, gommai suka mutu da yunwa da zazzaɓi kafin a kwashe saura.

A Fakistan, marigayi Abdul Sattar Edhi da matarsa Bilkisu suka ajiye gadajen jarirai a ƙofar cibiyoyinsu, da rubutun roƙon kada a kashe, a ajiye a nan. An zarge su da ƙarfafa alfasha, irin zargin da na san za a yi a nan, amma dubban yara sun rayu ta wannan hanya. A nahiyarmu, Namibiya ta sa tanadin miƙa jariri ba tare da tuhuma ba a dokarta ta kula da yara ta 2015.

Wace ƙofa ce za ta dace da Mabai?

Zargin ƙarfafa alfasha ya ginu ne a kan zaton cewa duk cikin da ake ɓoyewa na son rai ne. Wanda ya zauna a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa a shekarun nan ba zai yi wannan zato ba. Duniya ta san mu ne da sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, da dawowar 344 daga cikinsu bayan kwana shida. Abin da duniya ba ta ƙirga ba shi ne matan aure da 'yan matan da ake ɗauka daga ƙauyuka a tsare a daji makonni, a biya kuɗin fansa su dawo, wasu da juna biyu. Ga waɗanda gudun hijira ya watsa cikin garuruwa, ba gona ba miji, suna bara. Shari'a ta ɗauke wa wadda aka tilasta laifi, amma bakin mutane bai ɗauke ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, kuma gidaje da yawa sun rungumi irin waɗannan 'ya'ya cikin haƙuri. Maganata a kan waɗanda ba su sami irin wannan gida ba ce.

Kwafo dokar Teksas yadda take ba zai yi mana aiki ba. Ita a kan asibiti da ofishin 'yan kwana-kwana ta ginu, mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwar asibiti a Arewa maso Yamma ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Wadda ta haihu da tsakar dare a wani ƙauyen Mabai ba za ta hau hanyar Babban Asibitin Ƙanƙara ba, a lokacin da maza ma ba sa fita. Ƙofarta ita ce ungozoma, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibitin gari, ko matar liman. Waɗannan su ne ya kamata doka ta ayyana, ta kare mai miƙawa, ta kuma kare mai karɓa, domin a yau wanda ya ɗauko jariri yakan ji tsoron kada kai rahoto ya zame masa jeka-ka-dawo a ofishin 'yan sanda. Daga hannunsu sai mai unguwa, sai dagaci, sai hakimi, tsanin da muka gada, kuma wanda ya yi kama da abin da ya faru a gaban Umar.

Inda nake rabuwa da tsarin Amurka shi ne wajen shafe suna baki ɗaya. Kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya soki akwatunan ajiye jarirai saboda suna hana yaro sanin asalinsa, kuma a nan sukar ta fi ƙarfi. Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan iyayensu, idan ba a san iyayen ba to 'yan'uwa ne a addini. A wurinmu asali yana biyo mutum har ranar da za a nema masa aure, ranar da magabata ke bincike, kuma a nan ne 'ya'yan tsintuwa da yawa ke fara jin zafin abin da ba su aikata ba. Ga kuma tsoron ɗan'uwa ya auri 'yar'uwarsa ba da sani ba. Akwai hatsari na biyu: a watan Oktoban 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka sayar a jihar Anambara. Ƙofar da ba ta da kundin rajista kyauta ce ga ɓarayin yara. Jamus ta sami tsaka-tsaki a dokarta ta 2014: mace ta haihu a asirce, a rufe sunanta a ajiye a hannun hukuma, yaron yana da damar neman sani idan ya kai shekara 16. A ganina irin wannan rufaffiyar takarda a hannun alƙali za ta zauna daidai da shari'armu, da sharaɗin doka ta fito fili ta haramta amfani da ita wajen tuhumar uwar.

Saura ciyarwa, wadda ta kayar da Landan da Maigoma. Gidajen marayu na gwamnati, irin na Nassarawa a Kano, a manyan birane suke, kuma jariri ɗan kwana uku uwa yake bukata kafin gini. A nan ma Malikiyya ta sauƙaƙa: shayarwa ko sau ɗaya ce, muddin nonon ya isa cikin yaron a cikin shekara biyun farko, tana mai da mai shayarwa uwa, mijinta uba, 'ya'yansu 'yan'uwa muharramai. Gado ba ya shiga ta wannan hanya, amma mai riƙo na iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, ko ya yi kyauta tun yana raye. A kowace unguwa ta Mabai akwai mai goyo, kuma akwai wadda ta rasa nata jaririn nono bai ƙafe ba. Abin da ke hana su karɓa, sau da yawa, hatsi ne da sabulu da kuɗin magani. Jihar Katsina tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana da ma'aikatar harkokin mata, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da sashen jin daɗin jama'a. Ɗaya daga cikinsu ne zai ɗauki matsayin baitulmali, ya rubuta a kasafinsa abin da za a riƙa ba mai shayarwa duk wata, har wata 24.